Na ga jana'izar ɗana a kan dandamali, Turawa suna tafi

Maman Nana:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a yi mini haƙuri, rubutun zai yi tsawo. Kwana biyu ke nan rabona da barcin kirki, kuma ba ni da wanda zan buɗe wa cikina a nan kusa.

Waɗanda suka san ni sun san maigidana ɗan teyatur ne tun muna Damagaram. Shekararmu bakwai a Liyon. Ni ina aikin kula da tsofaffi, shi kuma yana wasa in an samu, in ba a samu ba ya koya wa yara a unguwanni. Bana ya kai wasansa Abinyon, wurin babban bikin wasan kwaikwayon da ake yi duk watan Yuli a kudancin Faransa. Shekara biyu yana shirinsa. Abin da ya gaya mini kawai, labarin wani direban mota ne mai zirga-zirga tsakanin Damagaram da Agadas. Ko gwaji ɗaya ban taɓa gani ba.

Ranar Asabar na bar yara wurin maƙwabciyata, na hau jirgin ƙasa, awa ɗaya da 'yan mintoci na sauka. Gari ne mai ganuwa, kamar badala. Da ka shiga ƙofa sai ka ga takardun tallan wasanni an manna su a kwali an ɗaure da igiya a tagogi, a bututun ruwa, a jikin itatuwa, har ba ka ganin bango. Duk taku biyar wani zai miƙo maka takarda yana roƙon ka zo ka ga nasa. A can na hango nawa mijin cikin rana, ya sha rawani, yana miƙa wa mutane takarda suna wucewa ba su karɓa ba. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na ji ƙwalla.

Ɗakin wasan ƙarami ne, kujeru 49, an shafe bango da baƙin fenti. Shi kaɗai ne a dandamali, daga shi sai benci da jarka. Da farko dariya muke ta yi. Ya kwaikwayi ɗan kamasho, ya kwaikwayi jandarma a shinge, har tafiyar marigayi mahaifinsa na gane. Ina ta alfahari, ina ji kamar in tashi in ce mijina ne.

Can wajen ƙarshe aka rage fitila. Ya sa hannu a ƙarƙashin benci ya jawo wani ƙyalle. 'Yan uwa, majanyina ne. Majanyin da na goyi ɗana na fari da shi, wanda Allah ya karɓi abinsa yana wata takwas, shekara goma sha ɗaya ke nan, a damina, zazzaɓi na kwana uku. Na san shi, don akwai ƙuna a gefensa inda garwashin turare ya taɓa faɗawa. A ƙasan akwatina yake, na ɗauka har yau yana can.

Ya naɗe shi, ya ɗora a kan hannuwansa biyu, ya fara tafiya a hankali yana ƙirga taku. Ya durƙusa. Ya sa shi a rami da hannunsa, ya gyara masa kwanciya ya fuskanci gabas. Ya jera fasassun tukwane, ya kwaɓa ƙasa, ya shafe. Duk ba komai a wurin sai katako, amma na ga ramin da idona. Sai ya bar Faransanci ya koma Hausa, ya kira sunan yaron. Sunansa na yanka. Sau uku. Ya fashe da kuka irin wanda ban taɓa jin ya fito daga bakinsa ba.

Mutumin nan ranar rasuwar ko ɗigon hawaye ban gani a idonsa ba. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa ambatar sunan nan a gabana ba. Ni kuma mace ce, ban je maƙabarta ba, an karɓe shi daga hannuna ina sume-sume, aka dawo aka ce mini in yi haƙuri. A ɗakin nan na fara ganin yadda aka binne ɗana, a tsakiyar baƙi. Da fitila ta mutu sai suka miƙe tsaye suna tafi.

Ban jira shi ba. Na fita na yi ta tafiya har bakin kogi, na hau jirgin yamma na dawo. Ya kira ni ya fi sau ashirin, ban ɗauka ba. Kuma gobe ma zai sake, jibi ma haka, kullum ƙarfe biyu da minti ashirin na rana har ƙarshen wata. Don Allah ku gaya mini gaskiya: in ce ya cire wurin nan gaba ɗaya, ko ni ce ban fahimta ba?

Gwaggon Yara:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ne, ƙanwata. Na karanta hannuna yana rawa. Kafin a ce komai, ki ci abinci, ki sha ruwa.

Ummu Khalil:
Anti, ni ba zan ɓoye miki ba, bai kyauta ba ko kaɗan. Ya buɗe miki akwati ya ɗauki abin da ya san ranki ne, ya kai kasuwa. Ai kasuwa ce, tunda tikiti ake saya. Kuma ya bari kika shiga kika zauna ba tare da ya ce miki uffan ba. Da zuciyarki ta buga a wurin fa? Ya cire, kuma ya ba ki haƙuri a gaban manya.

Baban Sadik Kaduna:
A yi hattara da zuga. Yaron nan ɗansa ne shi ma. Ko uwa ce kaɗai take da ikon baƙin ciki?

Ummu Khalil:
Malam, ɗansa ne, ban musa ba. Majanyin fa, a bayan wa aka ɗaura shi?

Baban Sadik Kaduna:
Wannan kam kin yi gaskiya. Maganar majanyi daban. Amma tambaya, mene ne teyatur? Shi ne dirama?

Ɗan Tasawa:
Shi ne, Baban Sadik. Abin da kuke ce wa wasan daɓe. Mu a Nijar daga Faransanci muka ɗauko kalmar.

Maman Nana, gaisuwa da ta'aziyya. Ni sana'ata ce, na yi Abinyon sau biyu, sau ɗaya ina wasa, sau ɗaya ina riƙe fitila. Bari in faɗi yadda wurin yake, don masu cewa kasuwa su san irin kasuwar.

Biki biyu ne a gari ɗaya. Akwai babban, wanda ake kira In, wanda Jean Vilar ya fara a 1947 a farfajiyar fadar Paparoma, don a ƙarni na 14 a garin Paparomomi suka zauna kusan shekara saba'in kafin su koma Rum. Wannan gayyatarka ake yi, a biya ka, farfajiyar tana ɗaukar mutum wajen dubu biyu. Sai kuma Off, wanda ya samo asali a 1966 lokacin da André Benedetto ya buɗe nasa wasan a gefe ba da gayyatar kowa ba. A nan maigidanki yake. A Off ba mai gayyatarka, kai za ka kawo kanka. A 'yan shekarun nan wasannin sun haura 1,500 a cikin mako uku. Kai za ka biya hayar ɗakin, kuma ba ɗakin duka ba, awa ɗaya da wani abu kawai ake yanka maka a rana, dubban Yuro ne. Kana gamawa za ka kwashe kayanka da gudu don masu bin baya suna tsaye a ƙofa da nasu. Ga hayar wurin kwana, ga buga takardu, ga mai fitila. Mafi yawan ƙananan ƙungiyoyi da bashi suke komawa gida. Abin da ke kai mutane shi ne masu gidajen wasa na garuruwa suna zuwa kallo, in sun yaba su sayi wasan na shekara mai zuwa. Kuma ɗan wasa a Faransa sai ya tara awa 507 na aiki a cikin wata goma sha biyu kafin ya sami tallafin lokacin da ba aiki.

Don haka duk wanda ya ce ya sayar da ɗansa ya ci riba, bai san wurin ba. Kujeru 49 ba sa mayar da kuɗin haya sai da ƙyar.

Sai maganar tafi. Na san ya yi miki ciwo. Amma a wurinsu tafi ba murna ba ce da abin da ya faru a labarin. Ba su da "Allah ya jiƙan rai" da za su faɗa tare, hannunsu kawai gare su. Ina so ki tuna: da fitila ta mutu, nan take suka fara, ko an yi shiru tukuna?

Maman Nana:
An yi shiru. Ya daɗe, har ina jin ƙarar na'urar sanyi. Wata tsohuwa da ke gefena ta kama hannuna ta matse, ba ta san ko ni wace ce ba. Na manta da wannan sai yanzu da ka tambaya.

Ummu Khalil:
Ɗan Tasawa, ka kare abokin sana'arka da kyau. Amma ko asara yake yi, ko riba, ba ka amsa ba: me ya hana shi gaya mata?

Ɗan Tasawa:
Ban kare shi a nan ba, Ummu Khalil. Kuskure ne babba. A sana'armu ma doka ce wadda ba a rubuta ba: in za ka taɓa rayuwar wanda yake raye, ka zauna da shi tukuna. Na san waɗanda aurensu ya girgiza a kan haka. Abin da nake ja da shi kawai shi ne a ce ya cire wurin. In ya cire, wasan ya mutu, don duk dariyar farko saboda wurin nan aka gina ta.

Hajiya Mai Lalle:
To ya mutu mana! Wasa da aure wanne ya fi? Ni abin da ya fi ba ni mamaki, namiji Bahaushe, ɗan Musulmi, ya tsaya gaban mata da maza yana rusa kuka yana kiran sunan ɗan fari. Ina alkunya? Mu da muka tashi, uwa ko kallon ɗan farinta ba ta yi a gaban mutane, balle uba. Zama cikin Turawa ya sa muna zubar da abin da ya rufa mana asiri. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Malam Na Zangon Kumasi:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. A raba al'ada da addini a nan, don kada mu ɗora wa bawan Allah laifin da shari'a ba ta ɗora masa ba. Ya tabbata a Bukhari cewa da Ibrahim ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yake gargarar mutuwa, bai kai shekara biyu ba, Annabi ya ɗauke shi, idanunsa suka zubar da hawaye a gaban sahabbai. Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, ya ce har kai ma? Ya ce masa wannan rahama ce. Ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Kuma ya kira sunan yaron a wurin. To kukan uba da kiran suna ba su ne matsala ba. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da maganar da ke nuna rashin yarda da ƙaddara.

Inda nake ganin ya yi laifi wuri biyu ne. Ɗaukar kayanta ba da yardarta ba, da kuma cutar da ita ta hanyar ba-zata. Waɗannan haƙƙinta ne, sai ta yafe. Maganar hukuncin wasan kwaikwayo kansa, malamai sun yi saɓani, ba zan buɗe ta a ƙarƙashin ta'aziyya ba.

Hajiya Mai Lalle:
Na ji, Malam, kuma na karɓa. Amma Annabi a lokacin da abin yake faruwa ya yi, yaron yana hannunsa. Wannan kullum ne ƙarfe biyu da minti ashirin. Kukan da aka sa wa agogo, kuka ne?

Ɗan Tasawa:
Hajiya, tambayarki ita ce wadda mu kanmu muke yi wa juna. Abin da zan iya faɗa daga jikina: hanyar ce ake haddacewa, inda za ka tsaya, inda za ka numfasa. Abin da ke jiranka a ƙarshen hanyar ba ka da iko da shi. Wata rana ya zo ya kayar da kai, wata rana ka isa ka tarar ba kowa, sai ka yi da muryarka kawai. Ranar da ya san matarsa tana zaune a ɗakin, ban yi zaton da murya kawai ya yi ba.

Tsohon Ɗan Samariya:
Ni dattijo ne, na yi wasa a Samariya, ƙungiyar matasa ta Nijar, zamanin mulkin Kunce, lokacin da kowace jiha take kawo nata teyatur a gasar matasa, mutane kuma suna barin tuwo su taru gaban talabijin don su Yazi Dogo. Mun taɓa auren dole, mun taɓa cin hanci, mun taɓa boka da ɗan kamasho. Amma kullum labarin wani ne, kuma da dariya muke rufewa. Ba mu taɓa kawo namu ba. Ban ce mun fi shi ba, ina faɗin yadda muke ne.

Abin da ya sa na sa baki ba wannan ba ne. 'Yata Maman Nana, ni ma na binne ɗan fari, shekara arba'in da wani abu ke nan. Zan gaya miki abin da mu maza ba ma faɗa. Babba a makara ake ɗaukarsa, mutum huɗu ko shida, ana karɓeɓeniya, nauyin ya rabu. Jariri a hannu ake kai shi, a ɗan naɗe da tabarma. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma wannan rashin nauyin shi ne abin da ba ya barin mutum. Har yau in na ɗauki jikana yana barci sai hannuna ya tuna. Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ana ta shigowa ana cewa ya haƙuri, ina cewa haƙuri sai ma'aiki. Matata tana ciki da mata, ni ina waje da maza, kwana uku. Da aka watse kowa ya ɗauka ɗayan ya warke. Ta rasu shekara shida da suka wuce ba mu taɓa zama mun yi maganar yaron nan ba. Ba ta tambaye ni inda aka sa shi ba, ni ma ban tambaye ta yadda ta yi da nonon da ya cika mata ƙirji ba.

Mijinki ya yi miki ba daidai ba. Amma ya yi abin da ni na kasa. Ki ɗauki wayarsa.

Gwaggon Yara:
Baba, ka sa ni kuka da tsakar rana. Allah ya jiƙan Inna.

Maman Biyu Yamai:
Ni na rasa biyu, ɗaya a ciki, ɗaya bayan suna da kwana tara. Anti, kada ki ji haushina, amma da zan sami wanda zai nuna mini yadda aka kwantar da ita, wane gefe, wa ya shiga ramin, ko an sa mata wani abu a ƙarƙashin kai, wallahi da na biya ko nawa ne. Na tambayi maigidana sau ɗaya ya ce in bar tone-tone. Ke an nuna miki. Ta mummunar hanya, amma an nuna miki.

Ummu Khalil:
Maman Biyu, Allah ya ba ki haƙuri. Amma a nuna mata a ɗakinta mana, su biyu. Me ya kawo mutum arba'in da ba su san ko sunan garinsu ba?

Baban Sadik Kaduna:
Wataƙila su arba'in ɗin ne suka sa ya iya. Akwai maganar da ta fi sauƙin faɗa wa baƙo a cikin mota fiye da wanda kuke kwana ɗaki ɗaya.

Hajiya Mai Lalle:
Ni har yanzu ina kan bakata game da suna. Yaro yana kwance a Damagaram, ana kiran sunansa a ɗakin da wasu suka shigo da giya a cikinsu. A canza suna, ko da za a bar sauran.

Admin:
'Yan uwa, na goge sharhi biyu da suka zagi maigidanta. Shawara aka nema. Wanda ba shi da ita ya yi addu'a ya wuce.

Maman Nana:
Na dawo. Na gode muku duka, har waɗanda maganarsu ta yi mini zafi. Baba Ɗan Samariya, saboda kai na ɗauki wayar.

Ranar hutunsu na koma Abinyon. Mun zauna a wani titi da ake kira titin marina, inda ƙaramin rafi yake bi ta gefen gidaje, da manyan ƙafafun katako na dā suna juyawa a cikin ruwa. A can rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara, mun zauna tun la'asar har aka kunna fitilu. Ya rame. Muryarsa ta dushe saboda rabon takarda da safe da wasa da rana.

Ban yi masa da sauƙi ba. Na ce ka shiga akwatina kamar ɓarawo. Ya ce haka ne. Na ce ka bar ni na zauna kamar tunkiyar da aka kai mahauta. Ya ce haka ne. Ya ce sau uku yana zuwa bakin ƙofar kicin da niyyar gaya mini, sai ya ga bayana ina wanke-wanke, harshensa ya ƙi. Ya ce ya san in ya tambaya zan ce a'a, kuma in na ce a'a ba zai iya yi ba, kuma in bai yi ba abin zai kashe shi. Na ce to ka zaɓi kanka ke nan. Ya yi shiru, bai musa ba.

Ashe da farko ba haka wasan yake ba. Su uku ne, da abokansa biyu na gida, kuma babu maganar yaro a ciki. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, daga baya ma aka rufe ofishin jakadancin, abokan suka kasa zuwa. Ya rage shi kaɗai a ɗakin gwaji da benci. Matar da ke taya shi tsara wasan ta tambaye shi, wannan direban naka me yake gudu da ba ya son kwana a gida? Ya ce a nan abin ya fito, da Faransanci, don a Hausa ba shi da bakin faɗa. Sunan ne kawai ya ƙi fita da wani harshe.

Ya gaya mini abin da ban sani ba. A bakin kabarin, da ya ji ƙafarsa tana rawa, kawunsa ya matso ya ce masa a kunne: ɗan fari ne, kada ka ba mu kunya. Ya haɗiye. Ya ce tun ranar yake jin abin a maƙogwaronsa kamar ƙashin kifi. Kuma takun da yake ƙirgawa a wasan, goma sha bakwai, na ɗauka ƙirƙira ce. Ashe daga gindin wani dogon yaro ne zuwa kabarin, ta gabas. Ya ƙirga ne a ranar don kada wurin ya ɓace masa in damina ta baje ƙasar. Duk zuwan da muka yi gida, ranar da yake cewa zai je gaida abokai da asuba, can yake tafiya.

Na tambaye shi wa ya shiga ramin. Ya ce shi. Na tambaye shi fuskar a rufe take ko a buɗe. Ya gaya mini. Maman Biyu, na yi tambayoyinki duka, har da na ƙarƙashin kai. Ni ma na gaya masa nawa, na daren farko da na tashi ina lalube gefen katifa, da yadda Inna ta ɗaure mini ƙirji da zane. Bai taɓa sani ba. Mutane suna wucewa da takardunsu suna kallonmu, mu biyu muna kuka a bakin rafi.

Ga abin da muka tsaya a kai. Majanyi na karɓe abina. Na ba shi wani zanen atamfa da na zo da shi, ya yi wasa da shi. Suna kuma na bar masa. Hajiya, na san ba haka kika so ba, kuma na daɗe ina juya maganarki. Amma shi ya yi masa huɗuba da sunan nan a kunne, kuma shekara goma sha ɗaya aka hana shi kira. Ba ni zan zama ta biyun kawunsa ba. Sharaɗi ɗaya na kafa: in Allah ya sa wasan ya je gida wata rana, ba za a yi shi ba sai ya zauna da mahaifiyarsa da tawa ya gaya musu da bakinsa.

Ya roƙe ni in sake shiga in gani. Na ce a'a. Sau ɗaya ake binne mutum, na ga nawa.

Hajiya Mai Lalle:
Ke ce mai ɗaki, 'yata, ke kika san inda yake miki yoyo. Ban canza ra'ayi ba, amma na yi muku addu'a a sujada. In kun je gida ki sa a yi masa sadaka.

Ummu Khalil:
Anti, kin yafe masa ke nan?

Maman Nana:
Na ɗaukar majanyi na yafe. Na barina in shiga ɗakin nan ban sani ba, da saura, kuma na gaya masa haka. Nana ta ga idona ta tambaye ni, na zaunar da ita na ce mata tana da wa. Ta ce ya sunansa. Na faɗa mata. Shi ne karo na farko da ya fito daga bakina tun ranar.

Majanyin yana cikin jakata, ban mayar da shi akwati ba tukuna. Kwana goma sha biyu yana wasa da shi, duk ya kama zufarsa. Sau biyu ina kai shi bakin famfo ina dawowa da shi a bushe.